Kamfanonin Mai Su Nuna Mana Wurin a Kan Taswira

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in ja hankalin masu karatu da hukumomi da wakilanmu na majalisa zuwa ga wata magana da ba kasafai ake tayar da ita a jaridun Hausa ba, wato rahoton da kamfanonin mai da gas suke fitarwa kowace shekara a kan yadda ayyukansu suka shafi muhalli da rayuwar jama'a. Sana'ata safiyo ce da zanen taswira, saboda haka ta wannan ƙofa zan shigo wa maganar.

Duk wanda ya taɓa buɗe irin wannan rahoto ya san kamanninsa. Littafi ne mai shafuka masu yawa, da Turanci, cike da hotunan yara 'yan makaranta da na itatuwan da aka dasa, sannan can wajen ƙarshe a jera alƙaluma: gangar mai kaza ce ta malale a bana, gas kaza aka ƙona, ruwa kaza aka yi amfani da shi, an kashe kuɗi kaza a kan ayyukan raya al'umma. Mai yiwuwa ne kowane adadi a cikinsu ya zama gaskiya, amma duk da haka mai karatu ya tashi bai san abin da ya fi muhimmanci ba, domin jimla ba ta faɗin wuri. Ganga ɗari da ta zube a farfajiyar tankuna wadda aka yi wa daɓen siminti, da ganga ɗari da ta zube a rafin da ƙauyuka uku suke sha kuma suke kamun kifi a cikinsa, duk ɗari ɗari za a rubuta su a shafi guda, alhali ta farko aikin leburori ne na kwana biyu, ta biyu kuwa tana iya raba mutane da abincinsu na shekaru. Haka kuma kamfani yana iya shelar cewa gas ɗin da yake ƙonawa ya ragu ƙwarai, ba don ya kashe ko da wuta ɗaya ba, sai don ya sayar wa wani kamfani rijiyoyin da suka fi ƙonawa, wutar kuma tana nan tana ci a bayan gidajen mutanen da take ci tun farko.

Abin da nake kira a kai shi ne a wajabta wa waɗannan kamfanoni su ɗora bayanan rahotonsu a kan taswirar intanet wadda mai karatu zai iya sarrafawa da kansa. Irin wannan taswira ba baƙuwa ba ce ga duk mai neman hanya da Google Maps a wayarsa: mutum yana faɗaɗa ta, yana matso da ita har ya ga garinsu, ya latsa wata alama bayani ya fito. Bambancin shi ne a nan alamomin rijiyoyi ne, da tashoshin tara mai, da bakin bututun da ake ƙona gas, da wuraren da mai ya malale. Idan aka latsa wurin malala, sai a ga ranar da aka kai rahoto, da ranar da aka toshe, da yawan abin da ya zuba, da dalilin da aka rubuta, da matsayin da aikin tsabtacewa ya kai, da hotunan wurin. Amfaninta mafi girma kuwa yana cikin shimfiɗa bayani a kan bayani, ta yadda mutum zai kunna layin koguna, ya ɗora na ƙauyuka da makarantu da rijiyoyin burtsatse, sannan ya ja ma'aunin shekaru ya ga ko wurin da mai ya zuba bana shi ne dai wurin da ya zuba bara da bara waccan. Bututun da ya fashe sau da yawa a tsakanin kilomita biyu yana bayyana kansa a taswira cikin daƙiƙa guda, a jadawalin alƙaluma kuwa zai iya ɓacewa har abada.

Kada wani ya ɗauka wannan mafarki ne na ƙasashen da suka ci gaba, domin Najeriya tana da irin waɗannan taswirori tun da daɗewa, kuma a buɗe suke ga kowa. Hukumar NOSDRA, wadda aka kafa a 2006 domin sa ido a kan malalar mai, tana da taswira ɗaya ta wuraren da mai ya zuba, tana kuma da wata ta wuraren da ake ƙona gas, waɗanda aka gina da haɗin gwiwar ƙungiyar Stakeholder Democracy Network. Ta biyun ta fi ba ni sha'awa, saboda bayananta daga sama suke zuwa. Akwai wata na'ura mai suna VIIRS a jikin taurarin ɗan'adam na Amurka, wadda aka fara harbawa a 2011, tana ganin zafi da hasken wutar gas da daddare, kuma daga ƙarfin wutar ake ƙiyasta yawan gas ɗin da ya ƙone. Da irin wannan na'ura Bankin Duniya yake fitar da ƙididdigarsa ta shekara-shekara, wadda ta nuna cewa a 2023 an ƙona gas kimanin kubik mita biliyan 148 a duniya, kuma Najeriya tana cikin ƙasashe tara da suka fi kowa ƙonawa.

Dalilin da ya sa awon da bai fito daga bakin kamfani ba yake da daraja a wannan fanni yana cikin tarihin dokar kanta. Tun a 1979 aka yi dokar da ta tsayar da 1984 a matsayin shekarar daina ƙona gas ba tare da izinin minista ba. A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukunci a ƙarar da wani mutumin Iwherekan na jihar Delta ya shigar, ta ce ƙona gas a garinsu ya keta haƙƙin rayuwa da kundin tsarin mulki ya ba su. A 2018 aka ɗaga tarar zuwa dala biyu a kan kowace ƙafar kubik dubu ga kamfanin da yake haƙo ganga dubu goma ko fiye a rana, da rabin dala ga wanda bai kai haka ba. To, tara da ake lissafawa a kan yawan abin da aka ƙona tana tsayawa ne a kan awo, kuma idan wanda zai biya shi kaɗai ne mai mudu, ba sai an yi dogon bayani a kan inda maganar za ta ƙare ba. Idan rahoton kamfani ya nuna kowane bakin wuta a taswira tare da adadin da mitarsa ta auna, ɗalibin jami'a ma zai iya ɗora shi a kan na tauraron ɗan'adam ya ga inda suka dace da inda suka saɓa.

Sai dai a nan dole in yi taka-tsantsan da abin da nake tallatawa, kuma wannan ne ɓangaren da na fi so hukumomi su saurara. Hausawa suna cewa gani ya kori ji, amma abin da yake kan taswira sau da yawa ji ne da aka yi wa launi har ya yi kama da gani. Alamar da ke kan allo tana zuwa da kwarjinin da rubutu ba shi da shi, mutum yana ganin ɗigo ja a bakin rafi sai ya ɗauka an auna an tabbatar, alhali wani ne ya cike takarda, wani kuma ya kwafe ta ya shigar a kwamfuta.

A Neja Delta, kusan dukkan bayanan malalar mai suna fitowa ne daga takardar da ake cikewa a ziyarar bincike ta haɗin gwiwa, inda wakilan kamfani da na hukumomi da na al'umma suke zuwa wurin su rubuta dalilin malalar da yawanta. Wannan takarda tana da nauyi ƙwarai, domin idan aka rubuta cewa ɓarayi ne ko masu zagon ƙasa suka fasa bututu, kamfani zai tsabtace wurin amma ba zai biya diyya ba, idan kuwa aka rubuta tsatsa ko lalacewar kayan aiki, diyya ta hau kansa. Babu mai musun cewa satar ɗanyen mai da fasa bututu gaskiya ne kuma suna jawo ɓarna mai yawa. Amma abin da ya faru a Bodo, wani gari na ƙasar Ogoni a jihar Ribas, ya isa ya sa a riƙa duba takardar sau biyu. A malalar farko ta 2008, takardar bincike ta ce ganga 1,640 ce ta zuba, ƙwararrun da ƙungiyar Amnesty International ta nemi ra'ayinsu kuwa suka ƙiyasta fiye da ganga dubu ɗari. Da shari'a ta kai Landan, kamfanin Shell ya amince cewa adadin da aka rubuta ya gaza abin da ya zuba, kuma a Janairun 2015 ya yarda ya biya fam miliyan 55 ga mutanen Bodo. Da a ce an ɗora 1,640 ɗin nan a kyakkyawar taswira mai motsi, da ta zauna a can shekara da shekaru ana kafa hujja da ita.

Akwai kuma darasi na biyu mai daɗi a wannan labari, wanda yake nuna amfanin buɗe bayanai ko da masu rauni ne. Shell ya fara wallafa takardun binciken malala da hotunansu a shafinsa tun 2011, kamfanin Eni ma ya biyo baya. Wannan ne ya ba Amnesty damar tara 'yan sa-kai fiye da dubu uku daga ƙasashe 142 su bi takardun da hotunan ɗaya bayan ɗaya, inda a rahoton 2018 suka fitar da malala 89 da suke ganin akwai shakka a kan dalilin da aka rubuta musu, suka kuma gano wata a Bayelsa da aka yi kwana 430 kafin a je wurinta. Kamfanonin sun musanta zarge-zargen, kuma ba aikina ba ne in yi alƙalanci tsakaninsu. Abin lura shi ne da ba a wallafa takardun ba, da babu ma abin da za a yi gardama a kansa. Saboda haka taswirar da nake nufi ita ce wadda kowace alama take ɗauke da asalin takardarta da hotonta mai kwanan wata, wadda kowa zai iya sauke bayananta ya yi nasa lissafin, wadda kuma take da gurbin da al'umma za su rubuta cewa ba su yarda da abin da aka shigar ba, ya zauna gefe da gefe da maganar kamfani.

Sharaɗi na gaba shi ne kada a goge tarihi. Taswirar da take shafin kamfani mallakar kamfani ce, yana iya sauya ta da daddare ba wanda ya sani, yana iya rufe ta ranar da ya tattara kayansa. Wannan ba hasashe ba ne a halin da ake ciki, domin manyan kamfanonin waje suna ta sayar da rijiyoyinsu na kan tudu da na bakin teku: Eni ya sayar wa Oando a 2024, ExxonMobil ya sayar wa Seplat a ƙarshen 2024, Shell kuma ya kammala miƙa nasa ga Renaissance a 2025. Rijiyar da ta sauya hannu tana ficewa daga rahoton mai sayarwa, ta shiga na mai saye a matsayin sabuwa, gurɓatar shekara hamsin kuwa ta faɗa tsakanin littattafan biyu. Maganin wannan shi ne ainihin kundin ya zauna a hannun hukuma, kowane wuri yana da lambarsa da ba ta canzawa ko da mai shi ya canza, kuma duk gyaran da aka yi wa wani adadi ya bar sawu, a ga abin da aka rubuta da farko da ranar da aka sauya shi.

Mai karatu a Kano ko Gusau zai iya tambayar abin da ya haɗa shi da wannan duka. Abin da ya haɗa shi shi ne aikin ya iso ƙofar gidansa. A Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani a kan iyakar Bauchi da Gombe, a 2023 aka kafa injin haƙa a Obi ta jihar Nasarawa, aka kuma koma neman mai a yankin Tafkin Chadi na jihar Borno. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, ya ratsa gonaki da burtali da koguna, har da kogin Neja. A Jamhuriyar Nijar kuwa maganar ta riga ta yi nisa, tun da matatar Zinder ta fara aiki a 2011 da man Agadem, ga kuma bututu mai tsawon kusan kilomita dubu biyu da ya kai man har gaɓar tekun Jamhuriyar Benin a 2024. Can ne ma aka ga yadda layi guda a taswira yake yanke hukunci, lokacin da a 2019 gwamnati ta sauya iyakokin gandun dajin Termit da Tin Toumma domin fitar da filayen mai daga cikinsa.

Muna da wata dama da mutanen Ogoni ba su samu ba, kuma dama ce mai wa'adi. An fara gano mai a Neja Delta a garin Oloibiri a 1956, amma sai a 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da cikakken awon ƙasar Ogoni, bayan ta duba wurare fiye da ɗari biyu, ta ɗauki samfura sama da dubu huɗu na ƙasa da ruwa da iska. A Nisisioken Ogale ta samu mutane suna shan ruwan rijiya mai ɗauke da sinadarin benzin, wanda yake haddasa ciwon daji, fiye da ninki ɗari tara na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, ta kuma ce gyaran yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Wannan awo ya nuna halin da ƙasa take ciki bayan ɓarna. Awon da babu shi, kuma ba za a taɓa samunsa ba, shi ne na yadda ƙasar take kafin a kafa rijiyar farko. Ba tare da shi ba, duk manomin da ya ce ruwan rijiyarsa ya canza sai a tambaye shi hujjar cewa da ba haka yake ba.

A Alkaleri da Akko, ƙananan hukumomin da aikin Kolmani yake, har yanzu ana iya yin wannan awo. A auna ruwan rijiyoyi da na fadamu a yanzu, a rubuta zurfinsu da abin da ke cikinsu, a zana iyakokin gonaki da makiyaya da hanyoyin shanu da mashayarsu da maƙabartu, a nuna tazarar kowane wurin haƙa daga gandun Yankari, a ɗora duka a taswirar da kowa zai iya buɗewa, sannan rahoton kowace shekara ya zo ya ɗoru a kan wannan tushe. Dokar auna tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 ta riga ta tilasta a yi irin wannan bincike kafin babban aiki, amma yawanci yana ƙarewa ne a kundi mai kauri da ake ajiyewa na 'yan makonni a sakatariya domin jama'a su duba, jama'ar da akasarinsu ba su san an ajiye ba. Bayanan da ke cikin kundin nan su ne ya kamata su zama shimfiɗar farko ta taswirar. Batun burtali kuwa ina jaddada shi da gangan, domin a ƙasarmu toshe hanyar shanu ba ƙaramar magana ba ce, kuma makiyayin da yake wucewa sau biyu a shekara shi ne mutumin da ya fi saurin ɓacewa daga lissafin waɗanda aiki ya shafa.

Hanyar wajabta wannan a buɗe take, ba sai an jira sabuwar doka ba. Majalisar Kula da Rahoton Kuɗi ta Najeriya ta ɗauki ƙa'idojin duniya na rahoton ɗorewa, wato rahoton kamfani a kan al'amuran muhalli da jama'a, da aka fitar a 2023, kuma jadawalinta ya sa su zama tilas ga manyan kamfanoni daga 2028. Sai dai a sani cewa waɗannan ƙa'idoji an tsara su ne domin masu zuba jari, suna tambayar haɗarin da muhalli zai jawo wa kamfani fiye da haɗarin da kamfani zai jawo wa ƙauye. Cike wannan giɓi aikin hukumominmu ne, musamman NUPRC mai ba da lasisin haƙa, wadda za ta iya sanya wallafa bayanan kowane wuri daban cikin sharuɗɗan lasisi. Dokar man fetur ta 2021 ma ta ƙara wani dalili, domin ta umarci kamfani ya zuba kashi uku cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsa na shekarar da ta gabata a asusun raya al'ummomin da yake aiki a ƙasarsu. Wane gari ne ya shiga wannan lissafi, wane ne aka bari a waje, kuma ina asibitin da aka ce an gina, duk tambayoyi ne da taswira take amsawa da sauƙi, tun da dagaci zai iya latsa alamar asibitin sannan ya taka da ƙafarsa ya je ya duba.

Na san za a ce nuna hanyar bututu a fili taimako ne ga masu fasa shi. Masu fasawa sun riga hukuma sanin hanyar, kuma abin da jama'a suke bukata shi ne wurin da ɓarna ta auku da yankin da ta shafa, ana iya barin wasu bayanan tsaro a hannun hukuma. Ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi shi ne na isa ga mutane. Taswira mai nauyi da Turanci, wadda sai da babbar kwamfuta da intanet mai ƙarfi take buɗewa, ta masu hannun jari ce a Legas da Landan. Wadda za ta yi wa mutanen Alkaleri amfani dole ta buɗe a ƙaramar waya ba tare da cinye data ba, da Hausa da Fulfulde, da sunayen wurare kamar yadda mazauna suke kiransu, a kuma riƙa buga ta a takarda ana liƙawa a fadar hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma, gidajen rediyo su karanta abin da ya canza. Tauraron ɗan'adam ma yana da iyakarsa, domin gajimare yana rufe masa ido, ƙananan wutace suna kuɓuce masa, kuma ba ya ɗanɗana ruwan rijiya, saboda haka sai an haɗa shi da awon ƙasa na dakunan gwaje-gwaje masu zaman kansu, wanda jami'o'inmu na Bauchi da Gombe da Maiduguri za su iya ɗauka idan aka ba su kayan aiki.

Ina roƙon wannan jarida ta tura wakilinta ya nemi kundin binciken muhalli na aikin Kolmani daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ya wallafa wa masu karatu da Hausa sunayen ƙauyukan da aka ɗauki samfurin ruwansu da abin da aka samu a ciki.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu daga Gombe